KWAMFUTAR RENDARIN: A AUNA KAYA KAFIN A SAYI JAKI

Daga wakilinmu na Arewa, Kano

Wani dare cikin watan Afrilu na 2024, wajen ƙarfe biyu, sai na ji ana buga mini ƙofa. Ko da na buɗe sai na ga ƙanena ne tsaye, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Kafin in tambaye shi ko lafiya, sai ya ce, "Yaya, injin ya mutu, kuma aikin Alhaji ya tafi gaba ɗaya."

Shi wannan ƙane nawa zanen gine-gine ya karanta, kuma da shi yake cin abinci. A zamanin nan kuwa mai kuɗi ba ya gamsuwa da zanen takarda. So yake a nuna masa gidansa ko kantinsa a allo tun ba a haƙa harsashi ba, da fenti da fitilu da motoci a ƙofa, har a zagaya da shi ciki kamar a silima. Wani Alhaji ya ba shi irin wannan aiki, na rukunin shaguna, ya biya rabin kuɗi, aka yi alkawarin kwana huɗu. Domin irin wannan aiki ne yaron ya haɗa kwasar adashinsa da kuɗin babur ɗinsa da ya sayar, ya sayo kwamfuta wadda mai shagon ya rantse masa babu irinta a duk layin.

Abin da ya sa na ga ya kamata in kawo wa masu karatu labarin shi ne, ba shi kaɗai ba ne. Samarinmu da 'yan matanmu da yawa sun shiga wannan sana'a, a Kano da Kaduna da Jos, har da 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal. Wasu gine-gine suke zanawa, wasu tallan talabijin, wasu katun na yara, wasu kuma tace fina-finai. Kayan injin duk da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira ta nemi wa kanta farashi a watan Yuni na 2023, kuskure ɗaya wajen saye na iya cinye jarin mutum ƙurmus.

MENE NE RENDARIN?

Waɗanda suka yi zamani da kyamarar da za su tuna cewa ɗaukar hoto daban, wanke shi daban. Mai hoto zai ɗauka, sa'an nan ya shiga ɗaki mai duhu ya tsoma a ruwan magani, hoto ya fito. To abin da masu sana'ar ke kira rendarin, shi ne wankin hoton kwamfuta. Mai zane zai gina gida a cikin inji, ya ce nan bango, nan gilashi, ga inda rana take, ga inda kyamara take tsaye. Daga nan sai inji ya zauna lissafi. Zai bi hasken da ya kamata ya faɗo a kan kowane ɗigo na hoton, daga ina ya fito, me ya daka, ina ya karkata, har ya san launin da ɗigon zai ɗauka. Hoto guda mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin 1,080 yana da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma kowane ɗigo sai an maimaita masa lissafi sau da yawa kafin ya fito tas.

Wannan fa hoto ɗaya ke nan. Hoto mai motsi kuwa, a tsarin talabijin ɗinmu hotuna 25 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Watau minti ɗaya tak yana cin hotuna 1,500. Injin ƙanena minti 6 yake yi a kan kowane hoto. Mai karatu ya buga lissafin da kansa: minti 9,000 ke nan, watau sa'a 150, kwana shida da ɗoriya, ba dare ba rana. Shi kuwa kwana huɗu ya yi alkawari. Ashe tun kafin injin ya mutu lissafi ya riga ya kayar da shi.

Manya ma sun sha wannan wahala. A 1995 kamfanin Pixar na Amurka ya fitar da Toy Story, dogon fim na farko da aka zana shi duka da kwamfuta. Hotuna 114,240 ne a cikinsa, kuma injuna 117 na kamfanin Sun Microsystems aka jera suna wanke su dare da rana. Amma a watan Maris na 2025 wani fim na ƙasar Latbiya mai suna Flow ya ci kyautar Oscar ta katun. Da manhajar Blender aka yi shi, wadda kyauta ake ba da ita, kuma a kan kwamfutar mai ba da umarnin, Gints Zilbalodis, aka yi wankin ƙarshe. Wannan ya nuna inji ɗaya a kan tebur ya isa yin aikin a zo a gani, muddin mai shi ya san nauyin kayansa, ya kuma san abin da zai ɗora wa.

JAKUNA BIYU NE A CIKIN AKWATIN

Abubuwa biyu ne a cikin kwamfuta ke iya ɗaukar nauyin rendarin. Na farko firosesa, watau ƙwaƙwalwar injin. Na biyu katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad.

Firosesa kamar ƙwararrun magina ne 'yan kaɗan, kowannensu ya iya kowane irin aiki. Ana ƙirga ƙarfinta da yawan hannuwanta, waɗanda masu sana'ar ke kira kor. Akwai mai hannu 6, akwai mai 8, akwai mai 16 kamar Ryzen 9 7950X ta kamfanin AMD da ta fito a 2022, har akwai Threadripper mai hannu 96 da ta fito a 2023. Katin hoto kuwa gayya ne. Leburori ne dubbai, kowa ɗan ƙaramin aiki ɗaya ya iya, amma tare suke duƙawa. Katin RTX 4090 na kamfanin Nvidia, na 2022, yana da irin waɗannan ƙananan hannuwa 16,384. Da yake rendarin aiki ne iri ɗaya da ake maimaitawa a kan miliyoyin ɗigo, gayya ta fi dacewa da shi. Tun 2018 kuma, da Nvidia ta fito da jerin RTX, aka sa wa katunan wani sashe na musamman wanda ba ya komai sai bin sawun haske.

To amma ba kowace manhaja ce ke hawa kowane jaki ba, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke yin asara. Corona, wadda masu zanen cikin gida ke so, firosesa take hawa. Lumion da D5 Render da Twinmotion da Octane da Redshift, katin hoto suke nema. V-Ray da Cycles na cikin Blender kuwa suna iya hawa kowanne. Saboda haka tambayar farko ba a kasuwa ake yin ta ba. Mutum ya zauna a ɗakinsa ya tambayi kansa, da wace manhaja nake cin abinci, kuma me take hawa? Amsar ita ce za ta nuna inda kaso mafi tsoka na kuɗin zai tafi.

Ƙanena bai yi wannan tambaya ba. An nuna masa tsohon injin ofis na ƙasar waje mai firosesa biyu, aka ƙirga masa hannuwa ya ji daɗi, ya biya. Katin da ke ciki kuwa ɗan mitsitsi ne, alhali aikinsa da kati ya fi sauri nesa ba kusa ba. Wani abin takaici kuma, irin waɗannan tsofaffin firosesa hannuwansu da yawa amma kowane hannu nawa gare shi. Manhajojin zane irin su AutoCAD da SketchUp da Revit kuwa, yawancin aikinsu da hannu ɗaya suke yi, saurin wannan hannun suke bukata. Sai ya zamana wajen zane injin na jan ƙafa, wajen wanki ma haka.

FAƊIN TABARMA

Bayan an san jaki, sai a dubi wurin shimfiɗa kaya. Kowane kati yana da nasa ram, watau wurin da yake baje aikin da yake yi a lokacin, ana auna shi da giga. Duk abin da ke cikin zanen, bango da itatuwa da motoci da hotunan tayil da labule, sai ya shiga wannan wuri kafin a fara wanki. Idan bai shiga ba, ko dai manhaja ta tsaya cik, ko ta koma aron wuri daga ram ɗin injin, sauri ya faɗi warwas.

Don haka a wurin mai rendarin yawan gigar kati na da muhimmanci ƙwarai, kuma sabon suna ba shi ne yawan giga ba. Ga misali, RTX 3060 na 2021 akwai mai giga 12, amma RTX 4060 da ya biyo bayansa a 2023 giga 8 gare shi. Sabon ya fi sauri, tsohon ya fi faɗin tabarma. Mai zana ɗaki ɗaya ko kwalbar talla, giga 8 na iya isarsa. Mai zana unguwa guda da itatuwanta ya nemi 12 ko 16 zuwa sama. RTX 3090 da 4090 giga 24 gare su, 5090 na 2025 kuwa 32. A kuma lura, idan aka sa kati biyu a inji ɗaya saurin na iya kusan ninkawa a manhajojin da suka yarda da haka, amma galibi gigarsu ba ta haɗuwa. Kati biyu masu giga 8, giga 8 ɗin dai ke gare ka.

Ram ɗin injin kansa kuwa, giga 32 shi ne mafarin mai sana'a, mai manyan ayyuka ya nemi 64. A saye shi falle biyu iri ɗaya, domin injin ya riƙa ɗiba ta hanya biyu. Falle ɗaya mai giga 32 bai kai biyu masu 16 sauri ba.

Wajen ajiya, tsohon faifai mai juyawa ba ya wuce mega 200 a daƙiƙa da yawa. SSD na gama-gari na kai wajen 550, irin wanda ake kira NVMe kuwa daga 3,500 har 7,000. Gaskiya ne SSD ba ya ƙara wa lissafin hasken sauri sosai, amma buɗe aiki da adana shi da tace bidiyo duk suna sauƙi da shi. A sa manhaja da aikin da ake ciki a kan SSD, a bar tsohon faifai ya zama rumbu, a kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Masu son laftof kuma su yi hattara, suna na ruɗi. RTX 4090 na laftof ba ɗaya yake da na tebur ba. Giga 16 gare shi, kuma wutar da ake ba shi ba ta kai rabin ta na tebur ba. Laftof na da amfani wajen kai wa mai aiki ya gani, amma kwana ana rendarin aikin injin tebur ne.

WUTA

Akwai wani akwatin ƙarfe a ƙasan injin wanda ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sauran kaya, ana ce masa fawa fak. Shi ne abin da aka fi rainawa, domin ba ya ƙara sauri, ba a kuma yin alfahari da shi. Shi ne kuwa ya kashe injin ƙanena. Mara suna aka sa masa, an rubuta masa ƙarfin da bai da shi, ya yi dare biyu yana ja, ya ƙone. Allah ma Ya taimaka bai tafi da sauran kayan ba.

Lokacin rendarin inji na shan wuta iyakar cikinsa, kuma ba hutu. RTX 3060 na shan wat 170, 3090 na shan 350, 4090 na shan 450, 5090 kuwa 575. Nvidia da kanta ta ce a nemi fawa fak mai wat 850 ga 4090, mai 1,000 ga 5090. Ƙa'idar ita ce a tara abin da kati da firosesa da sauran kaya ke sha, sa'an nan a bar sarari mai kyau a sama, a kuma nemi na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus. Sayen nagari dai mayar da kuɗi gida ne. Wayar manyan katunan nan kuma a danna ta har ta shige duka. A ƙarshen 2022 an sami rahotannin narkewar bakin wayar 4090 a ƙasashe da dama, kuma binciken kamfanin ya danganta yawancinsu da rashin danna ta sosai.

Wutar da ke shigowa daga waje kuwa mai karatu ya san halinta. Sitabilaiza da UPS wajibi ne, amma a duba lambar da kyau. Ƙaramin UPS da aka rubuta wa 650VA, ƙarfinsa na ainihi bai kai wat 400 ba, ba zai riƙe babban inji yana cikin aiki ba ko na ƙiftawar ido. Mai amfani da inbata ko sola ya nemi irin wadda ke ba da wuta mai laushi, wadda 'yan kasuwa ke kira fiyo sain, domin fawa fak na zamani ba ya jituwa da ɗaya irin. Ƙaramin janareta da wutarsa ke hawa da sauka kuma kada a jona shi kai tsaye.

Akwai kuma batun kuɗin wutar. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A zuwa naira 225. A wannan farashi, inji mai shan wat 500 da ya yi sa'a 150 yana aiki ya sha yunit 75, watau naira 16,875. Da a sa'a 21 ya gama aikin, da kuɗin bai kai naira 2,500 ba. Mai janareta kuwa nasa lissafin ya fi wannan ɗaci. Inji mai nawa araha ne ranar saye, amma kowane wata sai ya karɓi cikon kuɗinsa.

ZAFI DA ƘURA

Turawan da ke gwada kayan nan suna rubuta sakamako, a ɗakuna masu sanyi suke yi, wajen digiri 21 zuwa 25. Mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri, a watan Afrilu zafi na haura digiri 40. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, sai cikin injin ya ƙara kusan irinsa. Kuma duk wutar da inji ya sha, zafi take komawa. Inji mai wat 700 a rufaffen ɗaki daidai yake da a kunna ƙaramin rishon lantarki a bar shi ya kwana.

An ƙera kayan su kare kansu. Firosesar Ryzen ta jerin 7000 idan ta kai digiri 95 ba ta yarda ta wuce, sai ta rage gudu. Yawancin na Intel a wajen 100 suke yin haka, katunan Nvidia da yawa kuwa daga wajen 83. Mutum ya biya kuɗin doki, zafi ya mayar masa da shi jaki, shi kuwa bai sani ba, domin injin bai yi ƙara ba, bai kuma mutu ba.

Maganin ba mai tsada ba ne. A sayi akwati mai raga a gaba, a bar na gilashi mai fitilu masu launi wanda iska ba ta ratsa shi. Fankokin gaba su jawo iska, na baya da na sama su fitar, kuma masu jawowa su ɗan fi yawa, domin ƙura ta bi ta raga maimakon ta kowace kafa. A ɗaga injin daga ƙasa, a janye shi daga jikin bango. Lokacin hunturu, da ƙura ke lulluɓe gari, a wanke ragar a kai a kai, a fita da injin waje a busa shi da bulowa, a riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima. Man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta yana bushewa, a sabunta shi idan an ga zafi na ƙaruwa. Wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki kuma ya bar babban wanki sai dare. Akwai manhaja ta kyauta mai suna HWiNFO da ke nuna zafin kowane sashe, kowane mai sana'a ya kamata ya iya karanta ta.

ƊAURIN SIRDI

Sai batun saiti, wanda kyauta ne amma mutane ba su kula da shi ba. Samari na son abin nan na tilasta wa inji gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka masa. A ƙasarmu akasin haka ya fi amfani. Da manhaja irin MSI Afterburner ana iya rage wutar da babban kati ke sha zuwa kashi 70 ko 80 cikin ɗari, saurin da za a rasa ɗan kaɗan ne, zafi da ƙarar fanka kuwa su ragu sosai. Firosesar Ryzen ma tana da irin wannan saiti na tsimi. Injin da ya tafi a hankali ya kai safe ya fi wanda ya zabura ya faɗi ƙarfe uku na dare.

A cikin saitin tushe na injin, wanda ake kira BIOS, a kunna XMP ko EXPO. In ba haka ba, ram ɗin da aka rubuta wa 6000 a 4800 zai yi ta tafiya. Masu firosesar Intel ta zubi na 13 da na 14 kuma su sabunta BIOS ɗinsu, domin a 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu daga cikinsu na jan wutar da ta wuce ƙima har su lalace, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Masu katin Nvidia su sauke manhajar tuƙa katin irin wadda ake kira Studio, ita aka tanada domin masu aiki.

A cikin manhajar rendarin kanta akwai wurare uku da ke cin lokaci a banza. Na ɗaya, Blender idan an sauke ta sabuwa, firosesa take ɗora wa aikin Cycles. Sai mutum ya shiga saiti ya zaɓi OptiX idan katin RTX gare shi, ko HIP idan na AMD ne, sa'an nan ya ce kati ya ɗauka. Akwai masu kati mai tsada da ke zaune yana barci. Na biyu, yawan maimaita lissafi. Blender na zuwa da 4,096, alhali ayyuka da yawa 'yan ɗaruruwa sun ishe su idan aka kunna mai share dusar hoto, kamar Open Image Denoise da Intel ta fitar kyauta a 2019. A sani kuma, kafin dusar hoto ta ragu da rabi sai an ninka lissafi sau huɗu, don haka akwai inda ƙari ya zama ɓarna.

Na uku shi ne wanda ya sa ƙanena hawaye. Ya umarci inji ya fitar da aikin a dunƙule, bidiyo ɗaya. Da wuta ta yanke, fayil ɗin ya lalace, aikin dare biyu ya bi ruwa. Abin da ya kamata shi ne a fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa, a matsayin PNG ko EXR. Idan inji ya mutu a hoto na 900, gobe a tashi daga 901, a ƙarshe a ɗinke su cikin 'yan mintuna. A kuma hana Windows yin barci ko sake kunna kanta da tsakar dare.

Masu tace fina-finanmu na Hausa nasu kayan ya ɗan bambanta. Su ba haske suke lissafawa ba, matse bidiyo suke yi. Katunan Nvidia na da sashen NVENC, firosesar Intel da yawa na da Quick Sync, duk domin wannan aiki. A tabbata Premiere Pro ko DaVinci Resolve na amfani da su, a kuma riƙa tacewa da ƙananan kwafi, sai wajen fitarwa a koma kan na ainihi.

A KASUWA

Yawancinmu na hannu muke saye, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko a shagunan garuruwanmu, kuma ba laifi ba ne. Sai dai a tuna, a watan Satumba na 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙo shi, katunan da suka yi shekaru suna aiki ba hutu suka kwararo kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu lau, wasu fankokinsu da ram ɗinsu sun gaji. Kada a yi sayen kifi a ruwa. A buɗe GPU-Z a ga ko sunan da ke jikin kati shi ne na cikinsa. A tafi da aikin da aka saba yi a filas, a sa shi ya yi ta wankewa a gaban mai shago ko da na rabin sa'a ne, ana duban zafi, ana duban ko hoto zai ɓaci. Firosesa a gwada ta da Cinebench. Kafin a bar gida ma, gidauniyar Blender na da jerin sakamakon gwajin katuna da firosesa da jama'a suka aika daga ko'ina, kowa na iya dubawa ya raba maki da farashi ya ga wanda ya fi riba. A ƙarshe a karɓi rasit mai lambar kayan da kwanakin garanti. Duk mai shagon da ya ƙi gwaji, a yi masa sallama.

Ƙanena dai Alhaji bai jira shi ba. Ya mayar da rabin kuɗin da ya karɓa, aikin ya koma hannun wani, ya yi wata uku yana tafiya a ƙasa. Daga baya ya sayar da wancan inji da faɗuwa, muka taimaka masa ya haɗa wani mai firosesa ɗaya matsakaiciya, da kati mai giga 12, da fawa fak na kirki. Kuɗinsa bai kai na farkon ba. Ya ɗauko tsohon zanen shagunan ya gyara saiti ya gwada, hoton da ke cin minti 6 ya koma daƙiƙa 50, aikin duka ya ƙare cikin sa'a 21. Yanzu kafin ya yi wa kowa alkawari sai ya wanke hoto ɗaya ya duba agogo, ya ninka da yawan hotunan, ya ƙara kwana ɗaya saboda wuta.

Ina roƙon iyaye da yayye da ke taimaka wa yaransu da jari a wannan sana'a, kafin ku miƙa kuɗi ku tambayi yaron manhajar da yake aiki da ita, da abin da take hawa, da inda zai ajiye injin, da wutar da zai ba shi. Idan ya amsa waɗannan, ku sa masa albarka ya tafi kasuwa. Idan ya yi shiru yana sosa ƙeya, ya koma ya tambayi na gaba da shi tukuna. Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya kare mu daga asara, amin.